Darasi: Yadda Kwamfuta Ke Gano “Makunnan” da Ke Cikin DNA na Sauro

Yau za mu ɗan ajiye batun wayoyi, mu duba wani aikin da kwamfuta ke yi a kan sauro. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke.

Mene ne makunni?

DNA dogon rubutu ne da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Wasu sassansa, wato ƙwayoyin gado, su ne ke ɗauke da umarnin ƙera sinadaran jiki. Wasu sassan kuma ba sa ƙera komai. Aikinsu shi ne su kunna ƙwayar gado, ko su kashe ta, ko su ƙara mata ƙarfi. Su muke kira makunnai. Misali, ƙwayar da ke samar da ƙwanduwar ƙwai a jikin macen sauro tana nan shiru, sai ta sha jini sannan ta kama aiki gadan-gadan.

Matsalar ita ce makunnan gajeru ne, kuma sun ɓuya a cikin rubutu mai tsawon gaske. Kundin DNA na Anopheles gambiae, mai yaɗa maleriya, da aka wallafa a 2002, yana da haruffa kusan miliyan 278. Na Aedes aegypti, mai yaɗa shawara da dengi, da ya fito a 2007, ya haura biliyan ɗaya.

Dabarar kwatantawa

A nan ne kwamfuta ke shigowa. Ana jera DNA na jinsunan sauro daban-daban layi bisa layi, manhaja ta nemo inda suka yi daidai da inda suka saɓa. Cikin miliyoyin shekaru, sashen da ba shi da wani aiki yakan yi ta sauyawa ba tare da ya cutar da sauron ba. Sashe mai muhimmanci kuwa, idan ya sauya, sauron yakan mutu ko ya kasa haihuwa, don haka sauyin ba ya yaɗuwa. Saboda haka idan aka ga wani guntu da ba ya ƙera sinadari amma ya zauna iri ɗaya a jinsuna da yawa, sai a yi zargin makunni ne. A 2015 masana sun wallafa kundayen jinsunan Anopheles 16, abin da ya sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai.

A lura: kwamfuta zargi kawai take bayarwa. Tabbatarwa sai an koma ɗakin gwaji.

Amfaninsa gare mu

Na farko, gidan sauro. Tawagar Farfesa Charles Wondji ta nuna a 2019 cewa sauyi a makunnin ƙwayar CYP6P9a ta Anopheles funestus yana sa sauron ya yawaita samar da sinadarin da ke narkar da maganin da aka shafa wa gidan sauro. Da wannan sani ake iya gwada saurayen wani yanki, a gane ko suna buƙatar gidan sauro mai sinadarin PBO, wanda ke toshe wannan hanyar.

Na biyu, rage yawan sauro. A 2018 masana a Imperial College da ke Landan sun zaɓi wani sashe na ƙwayar doublesex, wadda ke tsara zaman sauro namiji ko mace, saboda kwatance ya nuna da ƙyar yake sauyawa tsakanin jinsuna. Da suka ɓata shi da fasahar CRISPR, matan suka daina cizo da yin ƙwai, saurayen da ke cikin keji suka ƙare cikin zuriya 7 zuwa 11. A keji aka yi wannan, ba a daji ba.

Gwada da kanka

Buɗe shafin Ensembl Metazoa, ka nemi doublesex a ƙarƙashin Anopheles gambiae, ka kwafi haruffanta. Sannan ka liƙa su a manhajar BLAST ta shafin NCBI, ka duba jinsunan da suka yi kama da ita da kuma wuraren da kamar ta fi ƙarfi. Kyauta ne, data kawai za ka kashe.

Mu haɗu a darasi na gaba.