Wankin Ƙoda Ba Dare Ba Rana

Kusan kowane ɗan Adam yana da ƙoda biyu, aikinsu kuwa shi ne tace jini. A kwana ɗaya sukan tace ruwa wajen lita 180, watau kimanin garwa goma. Mafi yawansa yakan koma cikin jini, abin da ke fita fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Idan ƙoda ta tsaya farat ɗaya, sai ruwa ya taru a jiki har ya kai ga huhu, dafi kuma ya yi yawa cikin jini, musamman wani gishiri da ake kira potasiyam, wanda yakan tsayar da zuciya.

Asalin Dabarar

Wani likita mutumin Holan, mai suna Willem Kolff, shi ne ya ƙera na'urar wankin ƙoda a 1943, a 1945 kuwa aka fara ceton rai da ita. Wankin da aka saba yakan ɗauki awa huɗu, sau uku a mako. Amma wanda ciwo ya tsananta masa, ƙarfin jininsa ya faɗi, ba ya jure a zare masa ruwa da sauri haka. Domin irin waɗannan ne Likita Peter Kramer na Jamus ya fito da wata dabara a 1977, watau a riƙa wankin sannu a hankali, ba tsayawa.

Yadda Ake Yi

Akan sa bututu a babbar jijiya ta wuya ko ta gindin cinya. Famfo ya jawo jini, ya bi ta cikin matata, dafi da rarar ruwa su fita, sa'an nan a ƙara ruwa mai tsabta gwargwadon bukata, jinin ya koma jiki. Ana sa magani don kada jini ya daskare cikin matatar, ana kuwa canza ta kafin ta wuce kwana uku. Masu jinya suna auna abin da ya shiga da abin da ya fita kowace awa. Saboda haka aikin yana da tsada, sai a manyan asibitoci.

Wankin nan ba ya warkar da ƙoda, riƙon ƙwarya kawai yake yi mata. Mutane da yawa ƙodarsu takan farfaɗo bayan kwanaki ko makonni.

Abin Da Ya Shafi Hakimai

Amai da gudawa, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da zubar jini wajen haihuwa, da saran kububuwa, duk suna iya tsayar da ƙoda. Ya kamata hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwanni, cewa majinyacin da ya wuni ya kwana bai yi fitsarin kirki ba, a kai shi asibiti nan da nan. Wanda aka kai da wuri, sau da yawa ƙarin ruwa ko jini ya ishe shi, ba sai an kai ga na'ura ba.