Kafin Ka Ɗora Fenti a Kan Ɗan Matuƙin Jirginka

Idan ka harhaɗa ɗan samfurin Alpha Jet ko A-29 Super Tucano, irin wanda Rundunar Sojan Saman Najeriya ta fara karɓa a 2021, za ka so ka tsayar da matuƙi da makanikai a gefensa. Fara duba ma'auni. A 1/48, namiji mai tsayin mita 1.75 yana komawa kusan milimita 36. A 1/72 kuwa, milimita 24. Kada ka gauraya su.

'Yan mutum-mutumin rezin suna zuwa da maiƙon da ya hana su mannewa a mazubi. Wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, ka goge da tsohon buroshin haƙori, in ba haka ba fenti zai ɓare. Gam ɗin roba ba ya kama rezin. Super Glue, wanda ake samu a kasuwar Wuse da ke Abuja, shi ne maganinsa, ɗigo ɗaya a bakin tsinke. Hannun da ya lanƙwashe, tsoma shi a ruwan zafi ka miƙe shi a hankali.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ƙurar rezin, domin tana cutar da huhu. Jiƙa takardar gogewa kafin ka goge, ka sa takunkumi, ka nisanta yara daga teburin.

Shafa fentin share fage tukuna, sannan fenti mai ruwa-ruwa, shafi biyu ko uku. Fuska ta fi komai wuya, don haka bar ta sai hannunka ya saba. Lokacin hunturu a Abuja, kife roba a kan aikin har ya bushe, saboda ƙura.