Takardar Neman Tallafi Ba Wurin Kai Kuka Ba Ce

Wata baiwar Allah mai matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli ta turo mini tambaya daga Gusau. Ta ce sau uku tana neman tallafin jari a wurare daban-daban, ko sau ɗaya sunanta bai fito ba. Shin sai da hanya ake samu? Ta haɗo da takardar da take turawa.

Hajiya, na karanta takardar taki daga farko har ƙarshe, kuma matsalar tana cikinta. Shafi biyu na farko duk labarin talauci ne da zaman kashe wando a Arewa. Mai tantancewa ya san wannan, don shi ma aka ware kuɗin. Abin da bai sani ba shi ne ke. Buhun gyaɗa nawa kike sarrafawa a mako? Jarka nawa ta mai ke fita? Wa ke saye? Nawa ke rage miki bayan kin cire kuɗin markaɗe da itace da ladan masu taya ki aiki? Ban ga amsar ko ɗaya ba.

Kin rubuta cewa kina so ki bunƙasa sana'arki ki taimaka wa mata. Kowa haka yake rubutawa. Da cewa kika yi, misali: "Buhu biyu nake yi a mako. Masu shago huɗu ke ɗaukar man, suna neman ninkin haka, amma layin gidan inji yana cinye mini kwana biyu. Idan na mallaki injin matsa, zan kai buhu biyar, in ɗauki mata uku aiki." Wannan magana ce da mutum zai iya zuwa ya gani da idonsa, kuma irinta ake sa wa kuɗi.

Sai kuma abin da ya ba ni dariya, ki yi haƙuri. A shafi na huɗu na ci karo da "abincin kaji da allurar rigakafi". Nan na gane a shagon kwamfuta aka buga miki, suka ɗauko takardar wani mai kiwon kaji suka canza suna. Mai tantancewar da ya karanta ɗaruruwan takardu yana gane kwafi tun daga layin farko. Gara ki faɗa da bakinki da Hausa, wani ɗanki ya mayar miki da shi Turanci, ko da ba mai ƙwalisa ba ne.

Kasafin kuɗi ma kada ki yi shi da ka. Ki je wurin masu sayar da inji biyu, kowa ya rubuta miki farashi a takardar shagonsa. Ki sa kuɗin dako da na kafawa, kuma jimillar da ke ƙasa ta yi daidai da abin da kika nema a sama.

Ki kuma san ƙofar da kike ƙwanƙwasawa. Gidauniyar Tony Elumelu, wadda ta fara shirinta a 2015, dala 5,000 take bai wa wanda aka zaɓa bayan ya kammala horo, kuma ba a biya. Idan lissafinki ya ninka haka, kin nuna ba ki karanta sharuɗɗa ba. Bankin Masana'antu kuwa rance yake bayarwa, don haka abin da zai fara dubawa shi ne yadda za ki biya. Takarda ɗaya ba ta yi wa su biyun. Rajistar CAC da asusun banki da sunan sana'a za su ƙara miki ƙima a ko'ina. Duk wanda ya ce ki turo kuɗin fom ko na "sa suna" a WhatsApp, ɗan damfara ne, domin cike fom ɗin gidauniyar kyauta ne.

A ranar 1 ga Janairu gidauniyar ta saba buɗe shafinta na TEFConnect. Kafin nan, Hajiya, ki sayi littafin rubutu yau, ki riƙa shigar da duk abin da kika saya da wanda kika sayar. In kin tara na wata uku, ki turo mini mu sake takardar tare.