Darasin Wata: Idan Ruwa Ya Shiga Injin Babur

A watan Agusta hanyoyin rairayi da ke kai wa kasuwar Maigatari ran Alhamis sukan cika da ruwa. Mai babur daga ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar ya faɗa kududdufi, inji ya mutu. Abin da yawanci kan fara yi shi ne su taka kik da ƙarfi. To, nan ne ɓarna take farawa.

Darasinmu a kan inji mai ƙona bakin mai tare da fetur ne, irin na Suzuki AX100 da tsohuwar Vespa da ƙaramin janareto Tiger. Boxer ba irinsu ba ne.

Fistin yana matse iska da tururin fetur, amma ruwa ba ya matsuwa. In aka tilasta shi, sandar da ke riƙe da fistin ta lanƙwashe, sai sauke inji. Abu na biyu, a irin wannan inji fetur yakan bi ta ƙasan fistin kafin ya hau sama, kuma bakin man da ke cikinsa ne ke shafe boris. Ruwa ma hanyar nan yake bi, ya kwanta a kan boris. In ya kwana biyu, tsatsa ta kama. Saboda haka aikin na ranar ne, ba na jibi ba.

Tura babur ɗin zuwa tudu. Kashe makulli, rufe famfon mai, ka cire fulogi da iyakilina. Sami mutum biyu su taimaka a kifa shi, ramin fulogi ya kalli ƙasa. Riƙa danna kik da hannu, za ka ga ruwa na feshowa. Kada ka gaji da wuri. Na ƙasan inji a hankali yake fitowa, sai an yi ta dannawa. Kawar da wayar fulogi daga ramin, kuma kada mai sigari ya matso, don ruwan a gauraye yake da fetur. Daga nan a ɗaga ƙafar gaba sama, salansa ta tsiyaye.

Kwance ƙaramin noti na gindin kafireta, abin da ke ciki ya zube. Tsiyayo fetur ɗin tanki kaɗan a kwalba mai haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa. In akwai, juye tankin duka. Mai babur da ke da tankin bakin mai daban, ya duba shi ma.

Ɗiga bakin mai kamar ƙaramin cokali a ramin fulogi, goge fulogin ya bushe, ka mayar. Mai yiwuwa ya jiƙe sau biyu ko uku kafin inji ya kama. In ya tashi, bar shi ya yi aiki kamar minti 20, zafi ya kori sauran laima. Soson iyakilina kuwa sai ya bushe sarai a mayar da shi.

Duba man giya. In ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, a canza shi. Ruwan yankinmu da yashi yake tafe. In ka ji kik ya cije, ko yana gurza, daina dannawa, ɗora babur a amalanke zuwa wurin makanike a Gumel ko Maigatari ya buɗe ya wanke.