"Ni fa sau biyu nake cin abinci"

An dawo da wani dattijo daga asibitin Shika babu yatsu biyu a ƙafarsa ta dama. Dillalin rake ne a Makarfi, mutum mai fara'a, kuma na jima ina duba shi kan ciwon suga. Tun da uwargidansa ta aiko mini da labarin raina yake a ɓace, domin babu abin da ya kai ga yankan nan in da an ji magana.

Ranar da ya fara zuwa wurina, awon jininsa da safe kafin ya karya ya haura 300, alhali ba ma son mai suga ya wuce 130. Na ce, "Baba, me kake ci?" Ya ce, "Malama, ni fa sau biyu nake cin abinci. Ɗumame da safe, tuwo da dare. Wallahi ko rana ba na ci." Kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da ya sani ke nan. Sai da na sa ɗansa da ke bin sa kasuwa ya riƙa rubuta duk abin da ya ga ya shiga bakin mahaifinsa, sannan muka ga inda gizo ke saƙa. Bayan ɗumame akwai shayi a teburin mai shayi, cokali huɗu na suga da madarar gwangwani, da rabin burodi. A wurin lodi, duk damin da za a yi ciniki sai ya zaro kara ɗaya ya fere ya ɗanɗana, wai ya ji zaƙinsa. Yaron ya ce kafin azahar tuƙar da ke gaban bencinsu ta yi tsibi, ƙudaje na bi. Rana ta take, a miƙo fura da suga. Wani ya sayi mota, a raba lemo. Ga gutsuren mazarƙwaila a aljihun riga, yana tsotsa yana waya da direban da ya maƙale a hanyar Kano. Duk a tsaye, duk hankalinsa na kan kuɗi. Da na karanta masa takardar sai ya yi dariya, ya ce, "To ai wannan ba abinci ba ne."

Robar lemon kola mai santilita 50 kaɗai tana ɗauke da wajen giram 50 na suga, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗibar wa babban mutum mai lafiya a yini guda a ƙa'idarta ta 2015, har ta ce a koma 25 ya fi. Mai lafiya fa aka ce. Harajin naira 10 a kan kowace lita da gwamnati ta sa a dokar kuɗi ta 2021 kuwa ban ga wanda ya hana sha ba.

Ban hana shi tuwo ba. Na ce a zuba masa nasa a kwanonsa daban, domin a tire ɗaya da samari huɗu dole ya yi sauri ko ya tashi da yunwa. Ya zauna, ya ajiye waya, miyar ganye ta fi tuwon yawa, ya tauna, ya riƙa tsayawa tsakanin loma da loma. Ƙoshi yana ɗaukar kusan minti 20 kafin mutum ya ji shi, shi kuwa a minti biyar ya suɗe kwano ya nemi ƙari. Raba ciki uku da malamai suke karantar da mu tun muna allo, shi ne dai. A kasuwa kuma yaron ya riƙa ɗanɗana raken a madadinsa. Ya bi, ya riƙe metformin ɗinsa, awo ya sauko, fitsarin dare ya ragu.

Sai wani mai mota da lasifika ya same shi ranar kasuwa. Ya sayar masa da jarkar ruwa mai ɗaci, ya ce ya yar da ƙwayar asibiti don ita ke kashe ƙoda, ya ce mazarƙwaila da zuma ba sugan bature ba ne, ya sha abinsa. Mutumin da bai taɓa riƙe na'urar awo ba! Baba ya daina zuwa. Wata rana a gona kututturen rake ya soke shi a ƙasan yatsa, bai ma ji ba, sai da aka ga jini a silifas. Aka shafa baƙin mai, aka ɗaure da tsumma, aka ci gaba da jarka. Lokacin da wari ya sa aka ɗauko shi, naman ya riga ya yi baƙi. Mai lasifika yana can wata kasuwar yana ihu.

Abin da ka ci a tsaye ma abinci ne. Mazarƙwaila suga ce, zuma suga ce, rake suga ne. Kada ka daina magani don wani ya ce, in ba wanda ya rubuta maka ba.

Kuma ba masu suga kaɗai nake nufi ba. Uwa ta ba yaro waya a hannu tana ɗura masa taliya, bai san ya ƙoshi ba, bai san ɗanɗanon abin da ya ci ba, gobe a ce ba ya cin miya. 'Yan mata masu shan "sha ka fashe" don a yi ƙiba kafin biki, ku kuma ranarku daban, kumburi ne kuke saya. Dunƙule biyar a tukunya ɗaya sannan a barbaɗa gishiri, alhali giram 5 na gishiri ne iyakar yini duka. Abin da ya fi ba ni haushi, mu ne masu noman. Mutumin Ikara ya loda tumatir a mota, ya karɓi kuɗi, ya tsaya a tasha ya sayi lemo da cincin. Inabin Kudan alheri ne, amma mai suga ya tsinki 'yan ƙwayoyi ya zauna ya ci, kada ya riƙe reshe guda yana hira har ya ƙare. Na sake faɗa, mazarƙwaila suga ce, domin na san gobe wani zai zo ya ce mini ta gargajiya ce.

Mai suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, kuma kada ya shiga gona da silifas.

Sai masu yi mini wayo, waɗanda ke ƙin cin komai tun jajibirin ranar awo don lamba ta yi kyau, su fito su zarce wurin mai shayi. Ba jarrabawa ba ce, ba kuma ni za a yanka ba. Akwai gwajin HbA1c da ke nuna yadda jininka ya kasance a wata uku da suka wuce, kuma daga yanzu duk wanda lambarsa ta yi kyau fiye da yadda jikinsa ya nuna, shi zan rubuta masa.