Amsoshin Tambayoyinku: In juya wa jam'iyyata baya a akwati?

TAMBAYA: Ina da katin jam'iyya, amma manya sun yi mana ɗauki-ɗora a zaɓen fid da gwani. Mutanen garinmu sun ce za su yi ƙuri'ar huce haushi. Shin laifi ne? Kuma tana biyan buƙata? Daga wani mai karatu a Kaoje, ƙaramar hukumar Bagudo.

AMSA: Malam, a dokar ƙasa babu laifi. Ƙuri'a sirri ce, ba wanda ya isa ya leƙa inda ka dangwala. Jam'iyya dai tana iya dakatar da ɗanta in ya fito fili yana yi wa abokin hamayya kamfe, wato zagon ƙasa.

Batun biyan buƙata kuwa, ba sai mun je nesa ba. A 2022 rikici ya ɓarke a APC ta Kebbi tsakanin ɓangaren Gwamna Atiku Bagudu da na Sanata Adamu Aliero. Aliero ya koma PDP, haka ma Sanata Yahaya Abdullahi na Kebbi ta Arewa, mazaɓar da Bagudo ke ciki, wanda har ya ajiye muƙamin shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa. Ga kuma mutanen bakin iyaka da nasu ciwon: rufe iyakoki a Agustan 2019 ya daƙile cinikin Tsamiya da Lolo da ƙasar Benin, aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sannan ƙarancin takardun Naira ya zo ana dab da zaɓe.

Da aka buɗe akwatuna a 2023, PDP ta kwashe kujerun sanata uku na jihar, Aliero ya kayar da gwamna mai ci Bagudu, Atiku Abubakar na PDP kuma ya ci Kebbi a zaɓen shugaban ƙasa. Amma da aka zo kan kujerar gwamna, sai Nasir Idris na APC ya samu, bayan zaɓen cike giɓi a watan Afrilu. Wake da shinkafa ke nan, ba sak ba. Jama'a sun san wanda suke fushi da shi, suka ware shi.

To sai dai kar ka manta, a watan Mayun 2025 sanatocin nan uku duk suka tattara suka shiga APC. Manya sun shirya, talakan da ya ɓata da maƙwabcinsa saboda su ba a ko tuntuɓe shi ba.

A ganina, in za ku yi, ku yi da shawara. Ku zauna da ɗan takarar da za ku ba, ya faɗi a bainar jama'a abin da zai yi kan iyaka da hanya da taki. Kar kuma ku ce za ku ƙaurace wa rumfar zaɓe, don wanda aka ɗora muku shi zai fi kowa murna in kun zauna a gida.