Danna Kunamar Bindiga Ba Harsashi: Illarsa da Ladabin Kanti

A Amurka, inda ake sayar da ƙananan bindigogi a kantuna masu lasisi, mai saye yakan so ya danna kunama babu harsashi domin ya ji taurinta, kuma illar hakan ta danganta ga ƙirar bindigar. Yawancin bindigogin zamani, waɗanda allurarsu, wato ƙarfen da ke bugun harsashi, ke sauka a tsakiyar gindinsa, suna jure wannan. Hasali ma ba a kwance yawancin ƙirar Glock sai an danna kunamar. Amma a bindigogi masu cin harsashin .22 LR, wanda ake bugu a gefe, allurar kan iya dukan bakin gurbin harsashi har ta lotsa shi ko ta karye, shi ya sa ake saka harsashin roba ya tare bugun.

A kanti kuwa, wajibi ne a nemi izinin mai kaya tukuna, a duba gurbin da ido ko da ya riga ya duba, kuma kada bakin bindiga ya fuskanci kowa. Rufe libarba da fizgar hannu, irin na fina-finai, yana iya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da gangar harsasanta, ɓarnar da masu kanti suka tsana ƙwarai.